Hannu a Turmin Moci

"Wa ya ba ki wannan?!"

Arwa ba ta ma ji shigowarsa kicin ba. Sai ganin ɗan gwangwanin nan ta yi a hannun yayanta Thamer, yana jujjuya shi kamar wanda ya kama ƙwaya.

"Garin koren shayi ne fa, Yaya... maca sunansa. Da shi ake yin moci, wani kayan zaƙi na Japan..."

"Ban tambaye ki sunansa ba! Cewa na yi wa ya ba ki?"

Ta kauda kai. Hakan kuwa shi ya gama tona ta.

Ya ɗaga hannu ya maka gwangwanin da bango. Murfin ya yi nasa wuri, koren gari ya tashi ya turnuƙe kicin ɗin, ya sauka a kan tukwane, a kan mayafinta, har a gashin idonta.

"Ɗan umarar nan ne ko? Rilwanu! Wanda ba shi da takardar iƙama ta zama a ƙasa, ba shi da kafilin da zai tsaya masa, ba shi da komai sai daɗin baki!"

"Yaya, sona yake yi da aure, wallahi ba..."

Tas! Marin ya sauka kafin ta rufe baki. Ta dafe kunci, kunnenta na ƙara.

"Aure! Da wace takardar? Ke kin san abin da zai same mu in aka kama shi a gidan nan? Baba ya ƙare rayuwarsa yana bin layi don mu samu zama a garin nan, ke kuma a kan namiji za ki ja a tattara mu? Kin taɓa ganin Najeriya? Ko Umma za ki kai can da wannan gwiwar tata?"

Daga ɗaki muryar mahaifiyarsu Hajiya Mariyamu ta taso. "Thamer! Me nake ji haka?"

Bai amsa mata ba. Ya matso daf da fuskar ƙanwarsa, ya rage murya, kuma ragewar ta fi ihun ban tsoro.

"Ki ji da kyau. Wallahi ranar da na gan shi a gidan nan, hannun da ya miƙo miki gwangwanin nan sai na karya shi. Sannan in kira shurɗa da bakina su zo su kama shi. Halas, magana ta ƙare!"

Ya fice, ya buga ƙofa har firij ya girgiza.

Arwa ta durƙusa tana tattara garin da gefen hannu, hawaye na ɗiga a kai. Abin da ya fi marin ciwo shi ne ta san ba duka maganarsa ce ƙarya ba. A Jidda aka haife su, a nan unguwar Kurayyat aka haifi Umma ma, amma har gobe da takarda suke zaune. Thamer kuwa tun rasuwar Baba shi ne uba, shi ne katanga. Zuciya ce dai Allah ya ɗora masa kamar fetur.

To amma so ya san takarda?

A wani kantin kayan Asiya da ke Sharafiyya suka haɗu. Arwa tana sana'ar kayan zaƙi a gida, tana tallata su ta waya, sai masu saye suka dame ta da tambayar moci. Ta gwada da garin shinkafar tuwo, abu ya fito mata kamar wainar da ta yi fushi. Tana tsaye gaban jerin kayan tana mita da Hausarta ta 'yan Jidda, "Wannan wace irin masifa ce, duk gari ba gari ba ne?" sai ta ji an ce daga bayanta:

"A'a ranki ya daɗe, gari suna ya tara. Mai danƙon za ki ɗauka, ga shi can ƙasa."

Ta juyo. Dogo ne, baƙi, da idanu masu dariya. Bakano ne da ya zo umara ya maƙale, yana aiki a bayan kicin ɗin wani gidan abincin Japan a bakin teku. Wanke-wanke aka ɗauke shi, amma tsohon kukun wurin ya ga yana da hannu, ya koya masa moci.

Daga tambayar awon sukari aka koma tambayar lafiya. Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Da yamma Umma ta kira ta ɗaki. Ta kama haɓarta, ta juya kuncin da ya tasa, ta daɗe tana kallo.

"Kina son sa?"

Arwa ta sunkuyar da kai, sai kuka.

"To kuka ba amsa ba ne, amma na ji. Ki ce masa ya zo in gan shi da idona. Ranar Alhamis yayanki yana wurin aiki a tashar jirgin ruwa sai bayan isha'i."

"Umma, ya rantse fa..."

"Gidan nan nawa ne kafin ya zama nasa. Ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba. Kuma ki ce wa yaron ya zo ya yi min abin nan da ake ta tashin hankali a kai, in ji ko ya kai."

Ranar Alhamis bayan la'asar Rilwanu ya yi sallama, da leda a hannu. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya zube gaban Umma a tsakar gida.

"Barka da yamma, Umma. Na same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kai ne mai koren gari?"

"Ni ne, Umma. A gafarce ni."

"Ba a kai ga gafara ba tukuna. Tashi mu ga aikinka."

Ta zauna a kujerarta da carbi, tana yi musu gadi da ido ɗaya. Shi kuwa ya naɗe hannun riga. Ya tankaɗe garin shinkafa mai danƙo da sukari, ya tankaɗe macar daban don kada ta yi gudaji, ya dama da ruwa har ƙullun ya yi kore shar. Suka juye a kwano suka ɗora a madambaci. A gefe Arwa tana cire ƙwallon dabino tana murje shi, tana mulmulawa ƙanana.

"Su can jan wake suke dafawa da sukari su sa a ciki," in ji Rilwanu. "Dabinon nan dabarar Arwa ce."

Umma ta taɓe baki. "Wake da sukari? Allah ya shirya. Gara da 'yata ta cece ku."

Da ƙullun ya turaru ya yi sheƙi, sai ya ce a kawo turmi. Aka mirgino tsohon turmin kakarsu, wanda rabon da a ji ƙararsa tun Baba yana da rai. Ya jiƙa cikinsa, ya juye ƙullun da zafinsa, ya ajiye kwanon ruwa a gefe, ya durƙusa.

"Ke za ki daka, ni zan juya."

"Kamar yaya?"

"Kina ɗaga taɓarya zan sa hannu in naɗe shi, in janye, ke kuma ki sauke. Haka za mu yi ta yi har ya yi laushi."

Ta zaro ido. "Hannunka a ciki? In na same ka fa?"

"Ba za ki same ni ba."

"Rilwanu, ni fa ban iya daka ba. 'Yar Jidda ce ni!"

Ya ɗago ya dube ta, ya yi ƙasa da murya yadda Umma ba za ta ji ba. "Tsohon da ya koya min cewa ya yi, ba a sa hannu a turmin wanda ba a yarda da shi ba. Ni kuwa zuciyata ma na ba ki riƙo, balle 'yan yatsu. Yalla, habibti."

"Ina jin ku dai," in ji Umma, ba tare da ta ɗago daga carbinta ba.

Kunya ta kama su duka. Arwa ta ɗaga taɓarya.

Dum! Ya tsoma hannu a ruwa, ya naɗe. Dum! Ya naɗe. Da farko tana yi tana rufe ido, yana mata dariya. Can sai hannu ya faɗa, suka daidaita kamar masu lugude. Gumi na tsiyaya a zafin Jidda, ƙamshin shayi ya cika tsakar gida, ita kuwa rabon da ta ji daɗi irin wannan har ta manta.

Suka kwashe kashin farko a tire da aka barbaɗe da garin sitaci. Ya riƙa tsinka yana faɗaɗawa, tana sa dabino, yana tsuke bakin. Suka jeru kore-kore, masu laushi kamar kuncin jariri.

Umma ta miƙo hannu. Rilwanu ya yi maza ya janye tiren.

"A yi haƙuri, Umma, sai an yanka miki ƙanana. Abin nan danƙo gare shi. Tauna shi ake yi sosai, ba a haɗiye shi kamar tuwo."

"Ji min yaro! Ni za a koya wa cin abinci?"

"Bari mu gama dakan nan kada ya huce, Umma," in ji Arwa tana dariya. "Yanzu zan ɗauko wuƙa."

Da ta sani da ta ɗauko a lokacin. Amma da-na-sani ƙeya ce.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, daka ba ya ɓuya. Duk layin sun ji. Wani maƙwabci ya buga wa Thamer waya yana zolaya, wane biki ake yi a gidanku ba gayyata, ga daka ga baƙo ya shiga da leda?

Suna tsakiyar kashi na biyu ƙofa ta buɗe da ƙafa.

Arwa ta ɗaga taɓarya ke nan ta ji an fizge ta daga hannunta ta baya. Rilwanu kansa na sunkuye, hannunsa na dama na cikin turmi yana naɗewa, bai san hannu ya canza ba.

"Rilwanu, janye...!"

Ina! Thamer ya sauke ta da duk ƙarfinsa.

Ƙarar da ta fito ba ta daka ba ce. Ƙas! Kamar an taka busasshen kara. Rilwanu ya kurma ihu ya faɗi gefe, ya rungume hannun a ƙirji. Jini ya malala a kan koren ƙullun.

"Na rantse ko ban rantse ba?!" Thamer ya yi ruri, idanunsa jajur. Ya kai masa shuri a haƙarƙari, ya ƙara. "Gidanmu? Gidan ubana?!"

"Yaya, ka bari! Don Allah! Umma ce ta kira shi!"

Ta riƙe masa riga. Ya yi wurgi da ita, goshinta ya daki bakin turmi. Ta ga wuta, ta ji ɗumi yana gangaro mata a gira.

Duk dukan da aka yi masa Rilwanu bai rama ba. Amma da ya ga jinin Arwa sai ya miƙe kamar ba shi ba, ya sa kai ya tunkuyi Thamer a ciki. Suka zube tare a kan madambaci, ruwan zafi ya watsu, kwanoni suka tarwatse. Thamer ya hau kansa yana kai masa naushi a fuska, ɗaya bayan ɗaya.

"Thamer! Thamer, ka ji tsoron Allah!" Umma na ta kira tana dafa bango, amma wa ke jin ta?

"Ka gama yawo a garin nan!" Thamer ya ce yana haki. "Tun a hanya na kira su. Na ce akwai marar takarda a layinmu. Suna nan tafe!"

Maganar ta daki Arwa fiye da turmin. Ta rarrafa ta ƙanƙame ƙafafun yayanta da hannu biyu.

"Gudu, Rilwanu! Hau sama, ka tsallaka gidan maƙwabta! Gudu!"

Ya zame, ya nufi matakala yana tangaɗi, hannun na lilo. Thamer ya fincike ƙafarsa, ya rarumi taɓarya ya bi shi.

Sai ga Umma a gindin matakala. Yadda ta iso wurin da wannan gwiwar, Allah kaɗai ya sani. Tiren moci na hannunta.

"Sai dai ka fara ta kaina."

"Umma, matsa!"

"Dube ni nan! Ka san ƙa'idar ubanka. Wanda muka ci abincin hannunsa ya zama namu, ba a wulaƙanta shi a gidan nan. To buɗe idonka ka gani!"

Ta ɗauki guda sukutum. Ta mulmula shi a tafin hannu yadda ta saba yi wa lomar tuwo tun tana yarinya, ta jefa a baki, ta haɗiye.

"Umma, a'a!" Arwa ta ƙwalla.

Umma ta buɗe baki za ta ci gaba da faɗa. Babu abin da ya fito. Tiren ya suɓuce. Ta kama wuya da hannu biyu, idanunta suka firfito, ko tari ta kasa.

Taɓarya ta faɗi daga hannun Thamer.

"Umma? Umma! Ruwa! Arwa, kawo ruwa!"

Ya riƙe ta yana jijjigawa, ya rasa abin yi. Leɓunanta suka fara canza launi. Daga nesa kuma, ta bakin titi, jiniya ta fara tasowa.

Arwa ta ɗaga kai. Can sama ta hango Rilwanu, ya riga ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katanga. Taki ɗaya ya rage masa ya ɓace cikin rufin Kurayyat, inda ba mai samun sa. Ya ji jiniyar, ta san ya ji. Idonsu ya haɗu.

Bakinta ya kasa cewa tafi, ya kasa cewa dawo. Uwarta ce a nan, ransa ne a can.

Bai jira ta zaɓa ba. Ya sauke ƙafar, ya gangaro matakalar da gudu.

"Kada a ba ta ruwa! Sunkuyar da ita! Riƙe ta nan, riƙe da kyau!"

Thamer, wanda ba a taɓa ba shi umarni ya bi ba, ya yi yadda aka ce.

"Umma, ki gafarce ni," in ji Rilwanu. Ya sa tafin hagu ya daki tsakanin kafaɗunta. Ya ƙara. Ya ƙara. Shiru. Jikinta ya fara saki.

Ya zagaya bayanta ya zagaye cikinta da hannuwansa. Aikin na hannu biyu ne, kuma ɗayan ya riga ya dagargaje. Ya dunƙule na hagu, ya ɗora karyayyen a kai, ya ja ciki da sama. Ihun da ya yi har cikin ƙashin Arwa. Ya sake ja. Ya sake, yana kuka yana kiran sunan Allah.

Sai ga curin kore ya faɗo ƙasa.

Umma ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta fashe da tari. Arwa ta rungume ta tana kuka. Thamer ya zube a gwiwa, yana ta maimaita "Alhamdulillah" kamar wanda ya zauce.

Aka buga ƙofa.

'Yan sanda biyu ne. Suka dubi jini, suka dubi kwanoni, suka dubi mutane.

Thamer ya miƙe, ya tare su da Larabci. "Kuskure ne, ni na kira, amma kuskure ne! Ba kowa..."

"Iƙama," in ji babban, yana kallon Rilwanu.

"Ba ni da ita."

"Me kake yi a gidan nan? Suna ɓoye ka ne?"

Arwa ta buɗe baki. Ta yi niyyar ta ce mijin da zan aura ne, a yi duk wadda za a yi. Rilwanu ya riga ta.

"Ban san su ba," ya ce, da gurguwar Larabcinsa. "Wucewa nake yi na ji ihu, tsohuwa ta shaƙe, na shigo. Hannun kuma garin sauri na faɗa kan turmi. Ban taɓa ganin su ba."

Ko kallon inda take bai yi ba. Ta gane sarai abin da yake yi, takardunsu yake karewa, waɗanda aka karya masa hannu a kansu. Amma duk da haka kalmar ta soke ta. Ban san su ba!

Suka ce za su fara kai shi a duba hannun. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya kamar mai gyara takalmi, ya yi magana da Hausa, kansa a ƙasa.

"A riƙa yanka mata ƙanana. Ke kuma a wanke goshin nan... kada ki yi min kuka, rabin raina."

Aka tafi da shi.

Tun daga ranar Arwa ba ta ƙara ce wa Thamer uffan ba. Ta dafa ta ajiye masa, in ya shigo ta fita. Ya yi sallama, ta amsa a zuci. Shi kuwa ya rame, ya daina faɗa, ya daina ko ɗaga murya. Umma ma gaisuwa kawai ke haɗa su.

Sai da aka kwana biyu sannan saƙon murya ya shigo daga wata lambar Najeriya. An mayar da Rilwanu Kano, yana gidan mahaifiyarsa. Yatsu biyu sun ƙi miƙewa, likita ya ce sai haƙuri. Jidda kuwa an rufe masa ƙofarta.

"Ki manta da ni, Arwa," ya ce a ƙarshe. "Ba zan raba ki da Umma ba. Na yafe wa Yaya Thamer, tsoro ne ya sa shi. Ki gaya masa."

Ba ta gaya masa ba. Ta dai saurari saƙon har ta haddace, kuma ba ta san Thamer yana jiyowa daga bayan ƙofa ba.

Wata Juma'a da hantsi ta ji ana mirgina abu a tsakar gida. Ta leƙo. Turmin ne, an wanke shi tas. Madambaci na kan wuta yana tururi. Ga sabon gwangwanin maca a gefe, ga gari ya ɓata wa Thamer gaban riga. Umma na kan kujerarta.

"Zo ki daka," in ji Umma.

"Ni na bar yin moci."

"Ban tambaye ki ba. Abin da ya kusa kashe ni shi ya nuna min suruki. Zo nan."

Thamer ya juye ƙullun a turmi. Nasa duk gudaji, bai iya tankaɗe ba. Ya ɗauki taɓarya ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ya durƙusa inda Rilwanu ya durƙusa, ya jiƙa hannun dama, ya shimfiɗa shi a kan ƙullun. Bai janye ba.

"Daka," ya ce.

Ta tsaya tana kallon yatsun nan biyar, lafiyayyu.

"Daka, Arwa. Haƙƙinki ne. Wallahi ba zan janye ba."

Ta ɗaga taɓaryar har sama. Ta tuna ƙarar nan, ƙas, ta tuna jini a kan kore, ta tuna "ban san su ba". Wallahi ta so ta sauke! Zuciyarta na ce mata sauke, ko ya ɗanɗana. Thamer ya runtse ido. Carbin Umma ya tsaya a hannunta.

Arwa ta ƙwalla ƙara, ta sauke da dukkan ƙarfinta.

Dum! A ƙasa, gefen turmi, har siminti ya tsage.

Ta saki taɓaryar ta durƙushe. "Ba zan iya ba! Mugu kawai... kai ne ka goya ni, ta yaya zan iya?"

Thamer ya fashe da kuka irin na manya, mai cin rai. "Ki yafe min, ƙanwata. Tsoro nake ji kada a raba mu, sai na raba mu da hannuna."

Ya share fuska da gefen riga, ya bar koren gari a kumatu.

"Na kira Rilwanu. Na kira kawunsa ma. Yau bayan an sauko Juma'a za a ɗaura aurenku a Kano, na wakilta wanda zai ba da ke. In kin yarda. In ba ki yarda ba yanzu in buga a fasa."

Ta juya ga mahaifiyarta. "Umma... ke fa? Wa zai kula da ke?"

"Ga ƙaton nan. Ai ya ga abin da zuciya ta ja masa, yanzu sai ya koyi dafa tuwo." Umma ta miƙo hannu ta shafa tabon da ke goshinta. "Uwata ta baro can ta zo nan ba ta san kowa ba, ba ta mutu ba. Ke kuwa wurin wanda ya sauko daga katanga saboda ni za ki. Je ki, 'yata. Zan yi kuka, amma je ki."

Arwa ta kifa kai a cinyarta, suka yi ta kuka su biyu.

"To ya isa haka," Umma ta ce can, tana jan hanci. "Abin nan zai huce, kuma da shi za mu raba wa maƙwabta na ɗaurin aure. Tunda sun iya kai rahoton daka, yau sai su ji dalili."

Arwa ta miƙe ta ɗauki taɓarya. Thamer ya sake jiƙa hannu, ya dube ta.

"Yaya ake yi?"

"In na ɗaga ka naɗe, ka janye. Ka janye fa, Yaya!"

"Na ji."

Dum! Ya naɗe. Dum! Ya naɗe, a karkace, amma ya naɗe.

Da suka gama, ita da kanta ta ɗauko wuƙa. Ta yanka na Umma ƙanana-ƙanana, ta tsaya a kanta har ta ga tana taunawa. Sannan ta ɗauki waya da hannunta mai gari, ta danna lambar Kano.

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Arwa?"

"Kai ne ka ce ba ka san mu ba ko?" ta ce, dariya da kuka sun haɗe mata. "To ka tanadi turmi, ango. Ina nan zuwa... kuma daga yau kai za ka riƙa daka, ni zan sa hannu."